Inhela ta daina yi wa maigidana aiki, jabu ce ko tabar ce?

Maman Hanifa (Tudun Wada):

Assalamu alaikum mutanen gidan nan, ya sanyi ya hazo. Dan Allah shawara nake nema wajen ma'aikatan lafiya ko wanda ya taɓa shiga irin wannan hali.

Maigidana yana da asma tun yana yaro, amma da can sai hunturu ya kama take tasar masa, ya shaƙi Ventolin shuɗiyar nan ya miƙe ya tafi kasuwa abinsa. To yanzu abin ya canza, kusan kullum da asuba sai tari da kukan ƙirji, majina kuma mai kauri, wani lokacin a zaune yake ƙarasa daren don in ya kwanta numfashin ba ya fita. Likita ya ɗora shi a kan Seretide mai zagayen nan, safe da dare, kuma wlh yana shaƙa don ni nake miƙa masa da hannuna, amma sauƙin kaɗan ne, Ventolin ɗin ma wata ɗaya ba ya yi masa. Da muka koma aka ƙara masa ƙarfin maganin, kuɗi ya ƙaru sauƙi bai ƙaru ba.

Abin da ya ɗaure min kai ƙanwata da ke aure a Samaru ita ma asma gare ta, irin wannan maganin sak take shaƙa, ita kuwa har ta manta inda ta ajiye shuɗiyar. Shi ne na ce ko jabu ake sayar mana, mun canza kemis har mun aika an sayo daga Kaduna, duk kanwar ja ce.

Sai abu ɗaya da ban so faɗa ba amma dole, yana shan taba. Ba a gida ba, a majalisarsu da dare, tun yana sakandare ya fara yanzu kuma ya haura arba'in. Ranar da likita ya tambaye shi ce masa ya yi ba ya sha, saboda yayansa ne ya kai mu yana tsaye a wajen. Shin tabar za ta iya hana maganin aiki ne gaba ɗaya, ko dai maganin ne ba mai kyau ba?

Abba Kwangila:

Wslm Hajiya Allah ya ba shi lafiya. Ni dai jabu nake zargi, ƙasar nan babu abin da ba a yi wa na bogi, ki duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace a jikin kwalin, kuma kar ku riƙa ajiye shi inda rana ke duka. Sannan ki haɗa masa zuma da tafarnuwa da man habbatus sauda da safe, kakata da shi ta rayu. Taba kam ba kyau amma ai mutum nawa ke sha suna yawonsu lafiya lau.

Famasis Samaru:

Wa alaikumus salam Maman Hanifa, sannu da jinya. Abba ba ka yi ƙarya ba jabun magani akwai shi kuma a duba lambar, amma ni ina isa sakin layinki na ƙarshe na bar zargin kemis. Tabar ce, kuma ba hasashe nake ba abu ne da aka gwada a kan mutane aka gani.

Asma kumburi ne a cikin bututun da iska ke bi zuwa huhu, bangon ya kumbura ya yi ta fitar da majina naman da ya zagaye shi kuma ya matse. Ventolin naman kawai yake saki na kamar awa 4, ko kusa da kumburin ba ya zuwa. Seretide kuwa magani biyu ne a haɗe, salmeterol da ke riƙe bututun a buɗe kusan awa 12, da fulutikazon wanda shi ne siteroid ɗin, shi ne mai kwantar da kumburin daga tushe. To wannan na biyun shi taba ke karya wa ƙarfi.

Ta hanya biyu abin ke faruwa. A yawancin masu asma da ba sa shan taba, irin su ƙanwarki, ƙwayoyin farin jini da ke haddasa kumburin su ne ake kira iyosinofil, su kuwa siteroid na gamawa da su cikin sauƙi shi ya sa ta manta da shuɗiyar. Hayaƙin taba wasu daban yake kirawowa cikin bututun, nutrofil, su ba ruwansu da siteroid, hasali ma ƙara musu tsawon rai yake yi. Kenan kumburin da ke ƙirjin maigidanki ba irin na ƙanwarki ba ne duk da sunan ciwon ɗaya.

Ta biyun ta fi zurfi. Siteroid ba shi kaɗai yake aikin ba, in ya shiga cikin ƙwayar halitta sai ya nemo wani sinadari da ake kira HDAC2, shi ne ke zuwa ya rufe ƙwayoyin gadon da ke ba da umarnin kumburi. Gubar hayaƙin taba tana lalata wannan sinadarin ta rage yawansa, Farfesa Peter Barnes da mutanensa a Landan sun daɗe suna aiki a kan wannan. Kamar ki kai takarda ofis ne da komai nata cikakke ki tarar mai sa hannu ba ya nan, takardar ba jabu ba ce amma haka za ki dawo da ita.

Masu bincike a Gilasgo ta ƙasar Sikotland su suka fi bin wannan magana. A 2002 sun ba masu asma fulutikazon maikurogiram 1000 kullum na sati 3, waɗanda ba sa shan taba ƙarfin hura iskarsu na safe ya ƙaru da kusan lita 27 a minti, mashaya kuwa bai ƙaru ba, ya ma ɗan yi ƙasa da lita 5. A 2003 suka gwada ƙwayar firedinisolon miligiram 40 kullum na sati 2, wato siteroid mai ƙarfin da ake haɗiya, nan ma marasa sha suka samu sauƙi mashaya ba su samu na kirki ba. A 2005 suka kwatanta biklometazon, wani siteroid na shaƙa, maikurogiram 400 da 2000 kullum na sati 12, a ƙaramin adadi tazarar mashaya da marasa sha a fili take, a babban sai ta ragu. Ma'ana in aka ninka maganin sau biyar ana iya ɗan cimma abin, amma wa zai iya kuɗin a wannan zamani, ga dashewar murya ga farin kurajen baki, in aka daɗe har ƙashi da ido yana taɓawa. Kin ga likitanku da ya ƙara ƙarfi bai yi kuskure ba, da abin da aka faɗa masa ya yi aiki.

Wanda nake so ki karanta wa maigidan shi ne na 2006. Masu asma da suka bar taba, bayan sati 6 kacal iskar da suke iya hurowa a sakan ɗin farko ta fi ta waɗanda suka ci gaba da sha da kusan mililita 400, nutrofil ɗin cikin majinarsu kuma suka ragu. A harkar huhu 400 ba wasa ba ne, akwai magunguna masu tsada da ba sa ba da haka. Gaskiya mutanen da aka gwada a waɗannan binciken ba su da yawa kuma lokacin gajere ne, amma duk wuri ɗaya suka nuna kuma abin da muke gani a kan kanta kenan.

Abin yi na farko ya koma shi kaɗai ba yaya ba ƙani ya faɗa wa likita gaskiya, shekara nawa yana sha kuma kara nawa a rana. Likita ba malamin unguwa ba ne ba wa'azi zai yi masa ba kuma ba zai kai gida ba. Wanda ya haura arba'in ya daɗe yana sha ga majina kullum, dole a duba ko tabar ta fara yi wa bututun ɓarna ta dindindin, ciwon da ake kira COPD, don yana iya haɗuwa da asma kuma maganin ya ɗan bambanta. Gwajin hura iska a na'ura ake yi kafin a shaƙi salbutamol, wato Ventolin, da bayan an shaƙa, ku tambaya a asibitin koyarwa na Shika ɓangaren masu ciwon ƙirji. In kuma akwai rama ko zufar dare ko zazzaɓin yamma a gwada majina don tarin fuka, kyauta ake yi, ga cibiyar Saye nan kusa da mu.

Tsohon Direba:

Ƙanwata sannu, Allah ya saka miki da kika damu da shi haka. Famasis ya gama magana ni nawa na wanda ya sha ne ya bari. Mu nan Zariya da kamfanin taba a cikin gari muka buɗe ido, iyayen wasunmu can suka yi aiki wasu ganyen suka noma, a tasha kuwa in ba ka sha yaro ake ɗaukanka. Ni ma asma gare ni kuma na yi shekaru ina cewa inhela ƙarya ne, in shaƙa da safe in kunna kara a Kwangila kafin mota ya cika, har ina ganin kamar taban ne ke buɗe min ƙirji don in na ja sai in yi tari majina ya fito in ji sakayau, ashe shi ke tara majinan tun farko.

Da azumi na bari. Na ce tunda ina iya wuni ban sha ba daren ne kawai matsala, sai na daina zuwa majalisa bayan tarawi, in sha'awan ya taso in sa aswaki ko goro a baki in fita in zaga, ba ya wuce 'yan mintuna sai ya lafa sai kuma ya dawo. Satin farko wlh ba daɗi, faɗa da kowa, ciwon kai, ba barci, uwargida ta sha haƙuri. Abin da nake so ki sani tun yanzu shi ne in ya bari tarin zai iya ƙaruwa na ɗan lokaci, majina baƙi-baƙi ya yi ta fita, ni har na tsorata na ce barin ne ya tayar min da ciwon, likita ya ce a'a ƴan gashin da ke share bututun ne taba ya kashe musu jiki yanzu suka farfaɗo suna shara. Da yawa a nan suke komawa. Bayan ya wuce kuwa wannan inhelan da na raina shi ne dai nake shaƙa har yau, hunturun bana ko asibiti ban leƙa ba.

Kuma kar ya yarda da masu cewa ka koma shisha ya fi sauƙi, hayaƙi ne shi ma har da na gawayi a kai. Ragewa zuwa kara biyu ma yaudaran kai ne, na gwada, mai tebur na bakin layi kara ɗaya-ɗaya yake sayarwa ga bashi yana bayarwa, duk da dokan taba na 2015 ya hana sayar da shi a haka, wa ke bi.

Maman Hanifa (Tudun Wada):

Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, Baba Direba na ji daɗin maganar tarin nan don da na gani da na ruɗe. Famasis ranka ya daɗe tambaya biyu. Tunda tabar ta hana maganin aiki ba gara mu ajiye Seretide ɗin ba har sai ya bari, kuɗinsa ba kaɗan ba ne wlh. Sannan in abin ya matsa masa yana aika yaro kemis a sayo masa firedinisolon ƙananan fararen nan da Franol ya haɗa ya sha, yana cewa sun fi inhela. Kuma an taɓa yi masa gwajin jini aka ce iyosinofil ɗin nasa ba su hau ba, shi ne yake ta cewa ai ka ga ba asma ba ce sanyi ne kawai ya kama shi.

Sadiya Lab:

Anti bari in amsa ta gwajin tunda aikina ne. Wannan sakamakon bai wanke shi daga asma ba ko kaɗan. Iyosinofil a jini muna ganinsu a gwajin FBC na ƙirga ƙwayoyin jini da kowane lab ke yi, in sun kai 300 a maikurolita ko sama likita zai ce wannan mai yiwuwa siteroid ya karɓe shi sosai. Amma rashin hawansu ba ya nufin ƙirji lafiya, musamman shi da kika ce yana shan firedinisolon, ƙwayar nan cikin kwana ɗaya take kwantar da su a jini, in ya sha kafin a ɗebi jinin ai dole a ga ƙasa. A mashaya abin da muka fi gani shi ne jimillar farin jini ta ɗan hau, nutrofil sun yi yawa, sai wani ya ɗauka ƙwayar cuta ce a yi ta ɗura wa mutum antibayotik ba gaira ba dalili.

Akwai wani gwajin na numfashi, FeNO, mutum ya hura a hankali a auna wata iska da kumburin iyosinofil ke fitarwa, a babba ƙasa da 25 ana cewa kaɗan ne sama da 50 kuma ya hau. Ba ko'ina ake samunsa ba amma ko kun samu ga matsalar, taba tana danne wannan lambar, mai sha zai iya hura 15 alhali ƙirjinsa a kumbure yake, likitan da bai san yana sha ba sai ya karanta cewa komai ya lafa har ya rage magani. Na majina shi ya fi nuna gaskiya don a nan ake ƙirga ƙwayoyin da ke cikin bututun kansa, iyosinofil kashi 3 cikin 100 ko sama an ce irin wancan kumburin ne, sai dai aiki ne mai wahala an fi yinsa a wajen bincike.

Shi ya sa ni ɓoyewar ta fi tabar ba ni haushi, yi haƙuri anti. Mu lamba kawai muke bugawa a takarda, mai fassara ta likita ne, in an ɓoye masa taba an ɓoye masa ƙwayoyin kemis to duk kuɗin gwajin an zubar ne. Ranar da za ku koma ki zuba duk abin da yake sha a leda ku tafi da shi har kwalayen da suka ƙare.

Ummu Sultan (Gyallesu):

Maman Hanifa ni ta ɓangarenmu zan yi magana, kar duk a ɗora wa bawan Allah. Turaren wuta fa? Mu matan nan sai mu rufe ɗaki mu turara labule da zanin gado mai asma ya shigo ya kwana a ciki, ga maganin sauro na kunnawa ga gawayi a ɗaki saboda sanyi ga janareta a bakin taga. Ɗana na biyu sai da na koma gidan sauro na fitar da kasko tsakar gida sannan muka samu barci. Kuma ko a waje yake sha warin na biyo riga, ki lura da Hanifa in tana yawan tari da dare.

Maganar bari kuma dan Allah kar ki kai ƙararsa wajen yaya ko Hajiyarsu, namiji in ka tona shi taurin kai zai ƙara. Ki bari sai ya ci ya ƙoshi hankalinsa kwance ki miƙa masa wayar ya karanta bayanin Famasis da na Baba Direba da idonsa, ke ki tashi ki ba shi wuri.

Famasis Samaru:

A'a Maman Hanifa kar ku ajiye, ban ce ba ya aiki sam ba, ƙarfinsa ne ya ragu. Manyan binciken da suka biyo baya sun nuna mashaya ma suna amfana da siteroid na shaƙa musamman haɗe da mai buɗe bututu irin wanda yake kai, ba dai kamar marasa sha ba. In ya ajiye ya rage daga shi sai Ventolin nan ne hatsarin yake, tun 2019 ƙa'idar GINA ta duniya kan kula da asma ta daina yarda a bar babba mai asma a kan shuɗiyar kaɗai, kuma wanda ke ƙarar da shuɗiya 3 ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashi, shi kuwa kin ce wata ba ya yi masa. In kuɗi ne ku faɗa wa likita akwai wasu haɗin da ba su kai shi tsada ba, akwai kuma ƙwayar montelukas da wani bincike a Amurka a 2007 ya nuna tana ɗan taimakon mashaya, likita ne zai ga ko a ƙara masa. Ki kuma kalli yadda yake shaƙa, mai zagayen nan gari ne a ciki, sai ya fitar da numfashi gefe tukuna sannan ya ja da ƙarfi ya riƙe kamar sakan 10, ya kuskure baki ya zubar.

Firedinisolon na kemis kuwa ya tsaya haka nan. Na kwana kaɗan ne in likita ya rubuta lokacin tashin ciwo, shan sa kai-kai shi ke kawo suga da hawan jini da kumburin fuska da raunin ƙashi, amma in ya daɗe yana sha kullum kar ya yanke rana ɗaya, a hankali ake janyewa kuma likita ne zai tsara. Franol akwai tiyofilin a ciki da efedirin, ga wani abu da mutane ba su sani ba, hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da tiyofilin, bayan mutum ya bar taba adadin da ya saba sha zai iya taruwa a jini ya zama guba, amai, bugun zuciya, har jijjiga. Don haka kafin ya bari a san da wannan.

Cingam ɗin nikotin da na mannawa a fata ana samu a wasu manyan famasi, ba hayaƙi a cikinsu kuma suna rage wahalar satin farko da Baba ya faɗa. Zumar Abba a sha ba laifi tana laushin maƙogwaro, kumburin ne ba ta kaiwa. In kuma dare ya yi kika ga ya kasa haɗa jimla ɗaya ba tare da ya tsaya ba, ko leɓe ya canza kala, ko ya shaƙi shuɗiyar ba ta sake shi ba, kar ki jira asuba kar ki aika kemis, a nemi mota ko Keke a tafi gaggawa yana ci gaba da shaƙa a hanya.